Bayan Yaƙi da Jahilci, Me Sabon Mai Karatu Zai Karanta?

Daga Tawa zuwa Damagaram akwai manoma masu yawa da suka kwashe rani guda suna zaman karatun manya, har suka iya haɗa baƙi da wasali. Amma da damana ta faɗi aka koma gona, babu takarda ko ɗaya a ɗaka, sai karatun ya shiga zubewa. Karatu kamar hauya yake, in an jingine ta sai tsatsa. Ke nan wahalar malami da kuɗin hukuma sun tafi a banza.

Wannan matsala ba sabuwa ba ce a ƙasar Hausa. A Zariya, ofishin da Rupert East ya shugabanta ya fara ne da fassarar littattafan wasu harsuna. Da aka ga fassara kaɗai ba ta wadatar ba, sai aka shirya gasar ƙaga labari a 1933. Daga cikinta aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 1939 kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito. Darasin a fili yake: mutum yakan riƙe karatu in ya sami abin da zai ji daɗinsa cikin harshensa.

Sai dai kafin a buga littafi, tilas a daidaita rubutu. Domin haka Unesco ta tara masana a Bamako a 1966, suka tsai da haruffan Hausa, Fulatanci, Zabarmanci, Barbarci, Buzanci da Mandinka. A 1972 ƙasar Mali ta fara buga jaridar Kibaru da harshen Bambara saboda mutanen karkara. Nijar ma ta fitar da tata, Ganga, domin waɗanda suka gama yaƙi da jahilci.

To, wace irin takarda ta dace da sabon mai karatu? Haruffa manya, jimloli gajeru, zane mai bayyana magana. Batun kuma ya zama na rayuwarsa: awon gujiya bisa sikeli, lissafin bashin taki, haɗa ruwan gishiri da sukari ga yaro mai zawo, tare da tatsuniya da labarin ban dariya. Babban haɗari shi ne a kwaso takardar Faransanci a juya ta kalma bayan kalma. Hausa ce a ido, amma manomi ba ya gane ta. Maganin abin shi ne a kai rubutun ƙauye kafin bugu, a ba mutane su karanta da ƙarfi, duk inda suka yi tuntuɓe a gyara.

Ya kamata kuma masu karatun su zama marubuta, su aiko da wasiƙu da labarin garuruwansu. Su kuwa shugabanni, ranar da suka tsara buɗe aji, su tsara akwatin littattafan da zai zauna a garin bayan malami ya tafi.