Shin Ko Kun San? Gawayi, Tona da Takardar Mallaka

Shin ko kun san baƙin garin da ke cikin injin fotokwafi, wato tona, ba gawayin daji ba ne? Mai shago a Parakou ko Djougou, a Jamhuriyar Benin, ya buɗe kwanson tona, ya ga gari baƙi ƙirin, sai ya rantse irin gawayin nan ne da ake jibgewa a buhuna a bakin titin Kolokondé. Ina! Mafi yawan garin roba ce, wadda zafin injin ke narkarwa ta manne wa takarda. Baƙin kuwa kunkunniya ce da ake samu daga ƙona man fetur mai nauyi a masana'anta.

Ko kun san ƙanƙantarsa? Maikiron ɗaya shi ne milimita ɗaya an raba ta gida 1,000. Kaurin gashin kai kan kai maikiron 70. Ƙwayar tona ta zamani tsakanin 5 da 10 take, ta da can kuwa ta haura 12. Ƙanƙantar ce ke fitar da wasali da ɗigo tsaf. Turmi da taɓarya ba sa kai nan, ko an kai ma akwai toka, kuma gawayi ba ya narkewa balle ya kama takarda.

Almajiran zangon Parakou sun san rabin wannan sirri tun zamanin fataken goro da ke bi ta Djougou zuwa Gwanja: baƙin tukunya ba ya zama tawada sai da ƙaro.

Ko kun san kwafin farko ma ba da baƙi aka yi shi ba? Ranar 22 ga Oktoba 1938, a birnin New York na Amurka, Chester Carlson ya barbaɗa garin wani tsiro a kan farantin da aka shafe da farar wuta. Aikinsa kuwa rubuta takardun mallakar ƙirƙira ne, don haka ya san ƙofar shiga. Ya samu tasa a 1942.

To, wanda ya niƙe gawayi lilis, zai samu irin wannan takarda? Jamhuriyar Benin da Nijar suna cikin ƙasashe 17 na hukumar OAPI, mai ba da irin wannan takarda, mai hedikwata a Yawunde, bisa yarjejeniyar Bangui ta 1977. Takarda ɗaya ta wadatar a dukkansu har shekara 20. Najeriya ba ta ciki, dokarta ta 1970 take bi. Sharuɗɗan samun takardar uku ne: abu ya zama sabo, ya amfani masana'anta, kuma kada ya zama abin da kowane gwanin sana'ar zai hango da kansa. Na ukun nan ne ke kayar da mutane, domin duk mai haɗa tona ya san laushin gari na gyara rubutu. Sai mai nema ya nuna cewa a wani takamaiman awo garin na yin abin da ba wanda ya zata, ko kuma ya zo da sabuwar hanyar sarrafa shi.