Jemage, Mai Dashen da Ba Ya Karɓar Kwangila

Tun da cutar Marburg ta ɓulla a yankin Ashanti na Ghana a watan Yulin 2022, da an ji ɗuriyar annoba sai idanu su koma kan jemagun da ke reto a rassa. Wannan ya ce a sare itacen, wancan ya ce a turnuƙe su da hayaƙi. Masu wannan magana ba sa tambayar wa ya shuka kurmin da suke cin moriyarsa.

Jemage mai cin 'ya'yan itace yakan tsotse ruwan ɓaure ko cediya, ya haɗiye ƙananan ƙwayoyin, ya tashi. Yana cikin tafiya yake kashi, don haka irin yakan faɗi a fili, inda aka yi sara ko gobara ta cinye, wurin da biri ba ya zuwa, tsuntsun kurmi ma yana shakkar ƙetarawa. Manomin da ya zube irinsa duka a gindin rumbu bai yi shuka ba. Haka ƙwayar da ta faɗi ƙarƙashin uwarta, inuwa da ƙwari ne za su gama da ita. Masu bincike sun liƙa wa jemagun birnin Accra na'urar bin sawu, suka gano suna iya kai iri har nisan kilomita 75 a dare guda. Itacen loko, wanda masu katako ke rububinsa, yana cikin masu dogaro da su. A ƙasar Hausa kuwa, furen kuka da na ɗorawa da dare suke buɗewa, jemage na cikin masu yi musu barbara. Mai son miyar kuka da daddawa ya lura.

Za a ce ai suna ɗauke da cuta. Gaskiya ne, ƙwayar Marburg tana zaune a jikin wani jinsin jemage mai kwana a kogo da ramin ma'adinai. To amma an gwada kashe su a Uganda: aka hallaka jemagun mahaƙar Kitaka, wasu suka dawo ramin, kuma kason masu ɗauke da ƙwayar a cikinsu ya fi na da. Kora watsa su take yi cikin gari.

Hukumomi kan kashe kuɗi a bikin dashen itatuwa, a ɗauki hoto, rani ya zo shukar ta bushe ba mai ba ta ruwa, alhali jemage nasa dashen kyauta yake yi. Jami'an lafiya su gaya wa jama'a abin da zai tsare su: kada a taɓa mushen jemage, kada a ci namansa ko mangwaron da ya gatsa. Itacen da suke kwana a kai kuma a bar shi tsaye.