Yadda A Ke Sake Fentin Tsohon Jirgin Ruwa Na Faiba A Fili

Jirgin ruwa na faiba ba da katako a ke yinsa ba, ba kuwa da ƙarfe ba. Zaren gilashi ne a ke shimfiɗawa hawa-hawa, a jiƙa shi da wani irin danƙo, ya daskare ya yi tauri. A Amurka aka fara ƙera irin waɗannan jirage cikin shekarun 1940. Yau kuwa ga su nan a Kogin Kwara da Binuwai da Tafkin Kainji suna tafiya da inji, a Ikko kuma akwai waɗanda iska ke turawa da filafilai. Gyaransu duka iri ɗaya ne.

Mutane da yawa suna tsammani tun da faiba ba ya ruɓewa, ba ya tsatsa, to, ba ya bukatar kulawa. Wannan kuskure ne. A bayan jirgin akwai wata fata mai santsi, kaurinta bai wuce kamar rabin milimita ba, ita ce ke tsare zaren daga ruwa. In ta daɗe a rana sai ta dusashe, ta riƙa bar maka gari kamar alli a hannu, daga nan ta soma tsagewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa ya kan bi ta cikin fatar ya taru, ya ta da bororo, a hankali ya raunana jirgin da ke ɗaukar rayukan mutane.

Zaɓen Lokaci

Wanda ba shi da ɗakin aiki, lalle ne ya yi shawara da yanayi. Da damina iska cike ta ke da laima, fenti ba ya bushewa sosai. Da hunturu ƙura ke sauka a kansa tun yana ɗanye. Da bazara kuwa zafi ya kan busar da shi tun burushi bai gama baza shi ba. Saboda haka kaka ta fi dacewa, watau bayan ɗaukewar ruwa, kafin hazo ya sauko.

A jawo jirgin tudu, a ɗora shi bisa itace, a kafa masa rumfa, a shimfiɗa tamfol ƙarƙashinsa.

Shirin Jikin Jirgi

Nan ne yawancin aikin ya ke. Da fari a wanke jirgin da sabulu da ruwa, a kankare gansakuka, sa'an nan a goge shi da tsumma mai tsabta da tina domin a fid da maiƙo. Kada a sa samfefa kafin wannan wanki, gama za ta tura maiƙon cikin fatar, fenti kuma ya ƙi kamawa.

Duk inda aka ga bororo a fasa shi, amma a tsare ido, domin ruwan cikinsa mai tsami ne, ya kan yi tsartuwa. A ɗauraye ramin da ruwa mai kyau, a bar shi ya bushe ƙayau, ko da zai ɗauki makonni. Wanda ya rufe laima da fenti, bororon zai komo masa. In ya bushe a cike ramuka da tsaga da fotin efoksi, a bi jikin duka da samfefa mai lamba 120, a gama da mai lamba 220, har ƙyalli ya ɓace. A share garin sarai.

Irin Fentin Da Za A Saya

Fentin jirgi iri biyu ne. Akwai na gwangwani ɗaya, mai sauƙin shafawa. Akwai kuma na gwangwani biyu da a ke haɗawa, ya fi ƙarko, ya fi tsada. Amma fa ba a shafa na biyun a kan na farkon, gama zai cinye shi ya tattare. In ba a san irin tsohon fentin ba, a jiƙa tsumma da tinar sabon, a ɗora a wuri ɗaya minti kaɗan. In tsohon ya yi laushi, sai a kankare shi duka, ko a sayi irinsa.

Wurin da ke zama cikin ruwa kullum fentinsa daban ne, galibi da jan ƙarfe a cikinsa don hana gansakuka. Dafi ne. A jiƙa shi da ruwa in za a goge, a tattara dattin da ya zuba a tamfol, kada ya shiga kogi inda jama'a ke sha, ke kamun kifi. Wani irinsa mai kuza an hana amfani da shi a jiragen duniya tun 2008, saboda ɓarnar da ya yi wa halittun ruwa.

Shafawa

A bakin kogi raɓa ta kan yi yawa. A jira hantsi, sai jikin jirgi ya bushe, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. A fara da fentin shimfiɗa, ya bushe, a goge shi sama-sama. Sa'an nan mutum biyu su kama aiki: ɗaya yana baza fenti da rola, ɗaya yana binsa nan da nan da bakin burushi yana lallashe kumfa. Shafi biyu ko uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, wanda zai zubo ya yi hawaye. Tsakanin shafi da shafi a bi lokacin da aka rubuta a jikin gwangwani. A tsai da aiki tun kafin la'asar, domin fenti ya kama kafin raɓar dare da ƙwari su zo.

A sa safar hannu da takunkumi da tabarau. Kada a fesa fenti mai gwangwani biyu, gama tururinsa yana lahanta huhu ƙwarai. Kada a kusanto da wuta ko taba wurin tina.

In an gama, a ba fentin sama kamar mako guda ya yi tauri kafin a mai da jirgi ruwa. Mai jirgin da ya yi haƙurin wanki da busarwa, shi ne fentinsa zai ga damina da yawa.