Daga Tirmini zuwa Ƙofar Fada: Abubuwan Mamaki na Damagaram

Duk wanda ya taso daga Maraɗi ya nufi Damagaram sai ya ratsa Tirmini, amma matafiya kaɗan ne suka san a nan aka yi ta ta ƙare. Ranar 30 ga Yuli 1899 dakarun Sarkin Damagaram Amadu Kuren Daga suka tari sojojin Faransa a wannan fili, harsashi ya fi ƙarfin doki, Nasara suka shige birni. Mafarin rigimar kuwa kashe Bafaranshe Kyaftin Kazamaju ne da aka yi a Damagaram cikin Mayun 1898. Da Faransawa suka gina bariki sunansa suka sa masa. Bayan 'yancin kai aka mayar da shi sunan Tanimun, mahaifin sarkin da suka ci da yaƙi.

Shi wannan Tanimun, da ya rasu a 1884, shi ya kewaye Birni, wato tsohon garin Damagaram, da ganuwa. Abin da ya fi ba ni mamaki game da zamaninsa shi ne igwa: maƙeran gari ne suke narka tagulla su zuba ta, albarushi ma a gida ake haɗawa.

Damagaram tana da gidan tarihi na jiha, amma a ganina babban gidan tarihinta ita ce fadar sarki kanta, ginin ƙasa tun tsakiyar ƙarni na 19. Baƙo ya zo kallo, dogari cikin riga ja da kore ya shige masa gaba zaure bayan zaure, a gefe kuma ga mutane sun tuɓe takalma suna jiran a sasanta su kan gona ko gado. Ana "Ranka ya daɗe" ana faɗuwa gaisuwa. Ranar sallah kuwa ƙofar fada ba masaka tsinke, sai ƙurar dawaki da amon kakaki da algaita.

A cikin lungunan Birni akwai gidan da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka a Disamban 1852, yana amsa sunan Abdulkarim.

Matasa da yawa ba su san Damagaram ta taɓa zama babban birnin Nijar ba. Daga 1911 ne zuwa 1926, kafin a kwashe ofisoshi zuwa Yamai, kuma ƙarancin ruwa yana cikin dalilan ƙaurar.

A 2006 Nijar ta gabatar wa UNESCO Birni da fadar a jerin wuraren da take neman a sa cikin kayan tarihin duniya. Ni dai abin da ke ci mini rai zanen bangon gidajen unguwannin Birni da Zango ne, wanda magina suka tsara da hannu. Damina ɗaya in aka fasa yaɓe sai zanko ya karye, dagi ya zube, mai gida ya kira mai bulo da siminti.