Magungunan cutar sida da lafiyar ƙoda: abin da ya kamata mu sani

Magungunan rage kaifin cutar sida, wadda wasu ke kira ƙanjamau, sun sa mai cutar yana iya rayuwa har tsufa, ya yi sana'arsa, ya riƙe iyalinsa. Sai dai tun da shansu na kullum ne, ya kamata mu san inda suke iya taɓa jiki. Yau za mu duba ƙoda.

Maganin da aka fi bayarwa a ƙasashenmu shi ne TLD, ƙwaya ɗaya a rana, wadda ta haɗa tenofovir, lamivudine da dolutegravir. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita haɗin da ke da dolutegravir. Cikin ukun nan, tenofovir ne ake sa wa ido. Ta ƙoda yake fita daga jiki, kuma ga wasu mutane yakan taru a ƙananan bututun da ke mayar da abubuwa masu amfani cikin jini, ya raunana su. In hakan ta faru, sai suga da furotin da sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi su riƙa zuba cikin fitsari. Da farko ba a jin komai. Daga baya ne yawan fitsari, ƙishirwa, kasala da ciwon ƙashi ke bayyana.

Shi kuwa dolutegravir yakan ɗan ɗaga kiriyatinin a gwajin jini cikin makonnin farko ba tare da ya cutar da ƙoda ba, don haka likita ne zai fassara sakamako. Atazanavir, da ake ba wasu a mataki na biyu, yana iya kawo tsakuwar ƙoda.

Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne masu hawan jini, masu ciwon suga, waɗanda suka haura shekara 50, da ramammu ƙwarai. Haɗarin na ƙaruwa ga mai yawan sayen diclofenac ko ibuprofen a kasuwa saboda ciwon jiki, ko mai shan jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba.

Amma kada tsoro ya sa wani ya ajiye maganinsa. Ƙwayar cutar ita kanta tana lalata ƙoda, musamman ga mutanen da asalinsu Afirka ta Yamma ne, kuma maganin nan ne ke hana ta. Mai ciwon hanta nau'in B kuwa, in ya daina tenofovir haka kawai, ciwon na iya taso masa da ƙarfi.

Abin yi shi ne mu nemi gwajin jini da na fitsari lokaci zuwa lokaci, tare da awon hawan jini da suga. In aikin tacewar ƙoda ya yi ƙasa da mililita 50 a minti, ba a fara wannan nau'i na tenofovir. Likita kan canza shi da abacavir, ko da sabon nau'insa mai suna TAF, wanda ya fi sauƙi ga ƙoda. A yawaita shan ruwa lokacin bazara, mai matsalar ƙoda kuma ya tuntuɓi likitansa kafin ya ɗauki azumi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kare mu baki ɗaya.