Kano: Shago Ya Cinye Zaure, Mota Ta Cinye Gefen Titi

Wanda ya yi shekara ashirin rabonsa da Kano, idan aka sauke shi a titin Gidan Zoo ko a cikin Nasarawa, zai ɗan jima kafin ya gane inda yake. Gidajen da ya bari da harabarsu da itatuwan darbejiya sun zama benaye masu shaguna a jere, wasu sun koma makarantun kuɗi ko asibitoci ko ɗakunan taron biki. A unguwannin talakawa ma haka abin yake. Maigida ya fasa zaure ko ɗakin da ke bakin titi, ya sa ƙofar ƙarfe, ya ba mai kanti haya.

Masu ƙorafi kan ce an lalata tsarin gari, an cakuɗa wurin kwana da wurin kasuwanci. Ƙorafin yana da tushe, amma sai mun tambayi kanmu wane tsari ake nufi, domin Kano tsari biyu ta gada. A cikin ganuwa ba a taɓa raba gida da sana'a ba. Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, tana tsakiyar gidajen mutane ne. Sunayen unguwanni ma shaida ne: Soron Ɗinki, Dukawa, Takalmawa. A zaure ake ɗinki, a zaure ake karatun allo, a cikin gida mata ke tuyar ƙosai da saƙa, kuma lungunan an yi su ne daidai ƙafar mutum da ta jaki.

Tsari na biyu Turawa suka zo da shi. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 aka yanka Sabon Gari domin baƙi, sannan dokar garuruwa ta Gwamna Lugga ta 1917 ta ware unguwar Turawa, aka bar fili mai faɗin yadi 440 tsakaninta da 'yan ƙasa, da hujjar gudun zazzaɓin cizon sauro. Turawa sun tafi, tunanin ya zauna. Har yau takardar mallakar fili tana faɗin abin da aka ba da filin dominsa, gida ko kasuwanci ko masana'anta, kuma mai son sauyawa sai ya nemi izini ya biya. Dokar tana kallon gari kamar kowane aiki yana da nasa yanki, mutum kuma zai shiga mota daga wannan zuwa wancan.

Ruwa ba ya tsami banza. Abu na farko da ya karya wannan rabo shi ne yawan jama'a, domin tun a ƙidayar 2006 ƙananan hukumomi takwas na cikin birni sun doshi mutum miliyan 3. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, waɗanda a da suke ɗaukar dubban ma'aikata, da yawansu sun rufe, sai mutane suka koma saye da sayarwa, alhali Kantin Kwari da Singa da kasuwar Sabon Gari sun cika. Ga kuma rabon gado, wanda a ganina shi ne dalilin da aka fi mantawa da shi. Maigida ya rasu ya bar 'ya'ya goma sha biyar da gida ɗaya a bakin titi. Gidan ba zai rabu ba sai an sayar, mai iya biyan farashinsa kuwa ɗan kasuwa ne, wanda ya san hayar shaguna ashirin ta fi hayar gida ɗaya nesa ba kusa ba. Ita ma gwamnati tana samun kuɗin shiga daga sauya takarda, don haka ba ta da ƙwarin gwiwar hanawa.

Bai kamata a raina alfanun abin ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin adaidaita sahu ya zama abin lissafi a kowane gida, kuma matar da za ta sami kemis da injin markaɗe da makarantar yara ba tare da ta hau abin hawa ba ta rage asara mai yawa. Titin da ke da mai shayi da mai kanti har goman dare ya fi titin da dogayen katangu suka rufe aminci ga mai wucewa. Tsoho mai ɗan fansho da ke karɓar hayar shago ɗaya a ƙofar gidansa, da ita yake cefane.

Ɓarnar tana gaban ginin ne. Mai bene yakan ja gininsa har bakin kwalta domin kowane taku kuɗi ne. Ba ya barin wurin ajiye mota, sai abokan ciniki su jera motocinsu a gefen titi. Mai shago ya fito da janareta da allon talla, ɗan tebur ya kafa a kan murfin kwata, in ma akwai murfin. Abin da ya rage wa mai tafiya a ƙasa shi ne ya sauka kan kwalta ya yi gogayya da 'yan sahu. Babba mai lafiya yakan iya kaucewa. Yaro ɗan firamare, da makaho da ɗan jagoransa, da mai keken guragu, da mace mai goyo, su ke ɗaukar kasadar kullum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hatsarin hanya yana kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma sama da kashi ɗaya cikin biyar masu tafiya a ƙasa ne.

Manyan ayyukan hanya da aka yi daga 2011 zuwa yau, gadar sama ta Ƙofar Nasarawa, da ta Dangi, da gadojin ƙasa na Kabuga da Gadon Ƙaya, sun sassauta cunkoson motoci. Amma titin da aka faɗaɗa aka sa wa shinge a tsakiya yakan raba unguwa biyu, masallaci a wancan ɓangare, masallata a wannan, motoci kuma su ƙara gudu.

Akwai ƙasar da ta bi wata hanya da ta dace a duba. A Japan, ko a yankin da aka fi tsananta dokar gidajen kwana, an yarda mutum ya buɗe ƙaramin shago a jikin gidansa muddin bai wuce murabba'in mita 50 ba. Abin da dokarsu ta fi sa wa ido shi ne girman gini da irin damuwar da sana'a za ta jawo wa maƙwabta. Tun 1962 kuma, a biranensu ba a yi wa mota rajista sai mai ita ya nuna inda zai riƙa ajiye ta, shi ya sa ƙananan lungunan Tokiyo suka zauna a hannun masu tafiya a ƙasa da masu keke.

Ina ganin nan ya kamata hukumar tsara birane ta KNUPDA ta karkata ƙarfinta. A daina ɗaukar ɗinki da kanti da kemis a cikin unguwa a matsayin laifin da sai an wanke da kuɗi, a halatta su kai tsaye. A tsaurara kan abin da ke cutar da maƙwabci da gaske: gidan mai, wurin cika tukunyar gas, walda, ɗakin biki mai lasifika har tsakar dare. Sannan duk mai neman izinin gini a bakin titi a yanka masa iyakar da ba zai haura ba, mita biyu ko uku, a shimfiɗe ta a rufe kwatarta, a dasa itace, domin a zafin watan Afrilu hanyar da ba inuwa ba ta biyuwa. 'Yan tebur ma a ware musu gurbi a cikin wannan tsari, tunda an sha korarsu suna dawowa.

Inda aka riga aka gina har bakin kwalta, rusau zai jawo shari'a da asarar dukiyar mutanen da wasunsu da takardar gwamnati suka yi ginin. A irin waɗannan titunan, wurin da za a iya karɓowa ba tare da an taɓa bangon kowa ba shi ne layin da motoci ke tsayawa a kai. Sababbin unguwannin da ake yankawa da awon igiya a gefen gari kuwa, can ne har yanzu ake iya ja da baya kafin a zuba harsashi.