Sabon Mai Karatu Ya Iso, Bayanan Manhajojin Sarrafa Kwamfuta Suna Nan Yadda Suke

A watan Oktoban 2024 kamfanin Anthropic ya fito da tsarin da ke ba ƙirƙirarriyar basira damar kallon fuskar kwamfuta, ta motsa linzami, ta danna maɓallai kamar yadda mutum ke yi. Sai dai hannun da take aiki da shi ba sabo ba ne. A samfurin da kamfanin ya bayar, wata tsohuwar manhajar Linux mai suna xdotool, wadda Jordan Sissel ya rubuta, ita ke aiwatar da dannawar. Tana da 'yan'uwa: AppleScript tun 1993, AutoHotkey a Windows tun 2003, da PyAutoGUI ta Al Sweigart. Dukkansu an rubuta bayanin amfani da su ne domin ɗan Adam. A ganina, duk mai son auna ingancin waɗannan bayanai ga sabon mai karatunsu ya bar ƙirga shafuka, ya tambayi abu guda: shin sun faɗi inda manhajar ke gazawa ba tare da ta ce uffan ba?

Mutum idan ya ba da umarni bai ga komai ya motsa ba, nan take zai gane akwai matsala, ya tambayi abokin aiki. Ita kuwa na'ura, 'yar aike ce da ba ta komowa ta yi tambaya. In ba a ce mata an samu kuskure ba, sai ta ɗauka aiki ya yi, ta ɗora na gaba a kansa. Misali, an gina xdotool ne a kan tsarin nuni na X11, alhali Fedora, wani nau'in Linux, ta koma tsarin nuni na Wayland tun 2016, 'yar'uwarta Ubuntu ma ta bi sahu a 2021, kuma a kan Wayland xdotool ba ta aiki yadda ya kamata. Ko a X11 ɗin ma, idan aka aika dannawa kai tsaye zuwa wata taga, manhajoji da yawa sukan yi watsi da ita saboda sun gane ba daga hannun mutum ta fito ba. Abin yabo ne cewa bayanan xdotool sun ambaci duka biyun. Amma gargaɗin na biyu yana can ƙasa a sashensa na daban, kuma na'urar da ta ɗauko sakin layi ɗaya kan umarnin da take buƙata tana iya wuce shi. Wurin gargaɗi shi ne gefen umarnin da ya shafa.

Sai batun zubi. AutoHotkey ta fitar da zubi na 2 a Disambar 2022, kuma ƙa'idar rubutunsa ba ta jituwa da ta zubi na 1. Misalan kusan shekara 20 da ke zube a intanet na tsohon ne, daga gare su kuma na'urori suka yi koyo, shi ya sa sukan cakuɗa biyun. PyAutoGUI ta nuna yadda ya kamata a yi: ta bayyana cewa daga zubi na 0.9.41, idan ba a ga hoton da ake nema a fuskar kwamfuta ba, za a samu sanarwar kuskure maimakon amsa marar komai. Ta kuma bayyana hanyar tsayar da ita, wato a ja linzami zuwa kusurwar fuska, abin da ke da muhimmanci ƙwarai ga mai sa ido a kan na'ura.

Wasu za su ce tunda na'urorin suna gani, kuma kullum ƙara ƙwarewa suke, za su gano kuskurensu da kansu. Gaskiya ne sun ci gaba sosai tun daga 2024, lokacin da gwajin OSWorld mai ayyuka 369 ya nuna mutane na cin sama da kashi 72 cikin 100, mafi kyawun na'ura kuma kusan kashi 12. Amma hoton fuska sakamako kawai yake nunawa, ba ya faɗin dalili. Ba zai gaya wa na'ura cewa macOS na jiran mai kwamfutar ya ba da izini kafin wata manhaja ta taɓa linzami ba. Gwaji da sake gwaji kuma yana da haɗari idan maɓallin da ke kusa na goge fayil ne ko na tura kuɗi.

Wasu kuma suna ganin fayil ɗin llms.txt, wanda Jeremy Howard ya ba da shawararsa a Satumbar 2024, ya magance matsalar. Yana sauƙaƙa wa na'ura gano bayanin, amma ba ya rubuta gargaɗin da ba a taɓa rubutawa ba. Gwajin da zai nuna gaskiya shi ne a miƙa wa na'ura bayanin manhajar kaɗai, a sa ta aiki a kwamfutar da aka hana izini da gangan, ko mai Wayland, ko mai fuska biyu, sannan a duba ko ta tsaya ta faɗi abin da ya tare ta, ko kuwa ta ce an gama.